Gaisuwa daga Prag, da labarin mutumin laka

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, ya zafi? Mu nan sanyi ne ke gasa mana aya a hannu.

A nan Prag, babban birnin ƙasar Cek, duk shagon tsaraba da ka leƙa a tsohuwar unguwar Yahudawa sai ka ga mutum-mutumin wani ƙato mara wuya, Golem suke ce masa. Wai wani babban malaminsu, Rabbi Loew, wanda ya rasu a 1609 kuma kabarinsa na nan ana ta zuwa gani, shi ya ɗebo laka a bakin kogin Vltava ya gina mutum, ya sa masa laya mai sunan Allah a baki sai ya tashi yana aiki yana gadin unguwa, har ranar da malam ya manta bai cire layar ba daren Asabar, abin ya haukace ya hau ɓarna. Ni dai ina ji na ce ai halittar Annabi Adamu ce aka kwaikwaya, turɓaya da hura rai, sai dai shi na lakan ba ya magana.

Haka tatsuniyoyinsu suke, duk inda littafi ya yi shiru nan suke tsiro. Littafin Sarakuna, ɗaya daga cikin littattafansu masu tsarki, ya ce ba a ji ƙarar guduma ko wani ƙarfe ba lokacin da Annabi Sulaimanu ke gina Haikali a Ƙudus. To da me aka fasa duwatsun? Sai Talmud, kundin bayanan malamansu na da, ya kawo wata 'yar halitta mai suna shamir wadda ke tsaga dutse, kuma kafin a same ta sai da aka ɗirka wa Ashmedai sarkin aljanu giya aka ɗaure shi da sarƙa. Daga baya aljanin ya yaudari Sulaimanu ya karɓe zobensa, ya wurga shi can uwa duniya ya hau karagarsa, Sulaimanu kuwa yana bi gida-gida yana bara yana cewa shi ne fa sarki. Wannan ma daga aya guda aka ciro shi, inda Littafin Mai Wa'azi, wanda suke dangantawa ga Sulaimanu, ya ce “na kasance sarki a Urushalima”, wato Ƙudus, suka ce ashe akwai lokacin da ba shi ne sarkin ba kenan. Kun ji wayo!

Annabi Ilyasu kuwa tunda littafinsu ya ce sama aka ɗauke shi bai mutu ba, a tatsuniya ko'ina sai ya ɓullo da shigar almajiri yana gwada masu rowa, kuma har yau a daren idin Fesa, bikinsu na tuna fitowa daga Masar, suna zuba masa kofinsa su buɗe ƙofa.

A gaida yara da su Baba.