Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Habashar Baba

Makon jiya na tsaya a kan gonar fadama, amma ba za ku gane rigimar Baba da Baffa a kanta ba sai na kai ku Habasha.

A Argungu duk wanda ya sa kakin Bature a yaƙin Hitila, ɗan Boma ake ce masa, wato wanda ya yi yaƙi a ƙasar Burma. Baba ya tsani sunan nan. Yakan ce kafin Boma akwai Habasha. Italiya ta mamaye Addis Ababa ranar 5 ga Mayu 1936, Sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira zuwa Ingila. A 1941 sojojin Najeriya, ƙarƙashin Janar Cunningham, suka taso daga Kenya, suka kama Mogadishu a watan Fabrairu, suka nausa arewa cikin manyan motoci har Jijiga da Harar. Baba na cikinsu. Ya ce ƙura ta toshe masa kunnen hagu, shi ya sa muke zagayawa dama in za mu gaishe shi.

Ranar 6 ga Afrilu aka ƙwace Addis Ababa, amma wasu rundunoni aka sa gaba, har da Turawan Afirka ta Kudu. Su Baba suna baya. Nan ya samo maganarsa: “Mai sharar hanya ba shi ke hawan doki ba.” Sarkin ma sai 5 ga Mayu ya shigo birninsa, shekara biyar cif.

To, yana can Baffa ya baza cewa ya mutu a yaƙin kafirai, ya shiga noman fadamar. Har sadakar uku aka yi! Da Baba ya dawo bayan Boma, Inna ta ce ya kai ƙara gun alƙali. Ya buɗe gwangwanin da yake ajiye lambobinsa na soja, ya rufe, ya ce mai sharar hanya ba shi ke hawan doki ba. Ni har gobe ban ɗauki wannan haƙuri ba, gajiya ce.

Bara ɗan Baffa ya zo min ta'aziyyar Yaya, yana cewa “Allah ya jiƙan mazan jiya.” Shinkafar fadamar nan ce ta kai shi Makka sau biyu. Na amsa da amin, don ina gaban mutane.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda lambobin suka ɓace, da wanda nake zargi.