Kwafi na bakwai da rajistata ba ta san da shi ba

Har yau idan na ga takarda manne da salatif a jikin bango a wurin aiki, sai gabana ya faɗi. Watanni sun shuɗe, abin bai sake ni ba.

Ni ke riƙe da takardun tsarin inganci a wata masana'antar ruwan gora a Sharada, nan Kano. Muna da shaidar ISO 9001:2015, wato ƙa'idar duniya ta tsarin kula da inganci, sashi na 7.5.3 kuwa na haddace shi kamar karatun allo: takarda ta samu a inda ake buƙatarta, a kula da rabonta, a kula da gyare-gyarenta. Duk ƙa'idar aikin da ta fita daga ofishina tana ɗauke da jan hatimi da lambar kwafi da lambar bugu, mai karɓa kuma ya sa hannu a rajista. Bugawa a takarda dole ce gare mu, mai wanke tanki ba kwamfuta a gabansa, wuta ma ba ta da alƙawari.

Da ƙorafi ya yawaita cewa ana jin warin kilorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwanmu, sai aka gyara ƙa'idar wanke tanki. Bugu na 2 ya ce a ɗauraye sau biyu a ci gaba da aiki. Bugu na 3 ya ce a yi ta ɗauraya sai gwaji ya nuna ba sauran kilorin, a rubuta sakamako kafin a buɗe famfo. Kwafi 6 rajista ta nuna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, in karɓi tsoho in miƙa sabo. Guda na buga masa hatimin soke na adana, biyar na yayyaga da hannuna. Na yi wa ma'aikata bayani da safe, na koma gida hankali kwance.

Ashe akwai na bakwai.

Bayan mako uku, duk ruwan da aka cika a dare guda ya fito da wari. Aka tsare shi, aka zubar, gorunan da murafan da man janareta suka tafi a banza. Na dawo bayan isha'i na sami dattijon da ke jagorantar wanki da dare, mutumin da ya haife ni a shekaru.

"Baba, yaya aka yi haka?"

"Ɗana, wallahi yadda takarda ta ce haka muka yi."

Ya ja ni ya buɗe ƙofar kwabar da suke ajiye safar hannu. Ga ta nan a bayan ƙofa, fotokwafin bugu na 2, gefenta ya nannaɗe saboda laima, ya ja layi da biro a ƙarƙashin "sau biyu". Hatimina yana jiki, sai dai baƙi ne, injin hoto ya cinye jan. Na tambaye shi dalili. Ya ce fayil ɗin yana ofishin oga, ofishin kuwa ƙarfe shida ake kulle shi. Shi ya sa tun da daɗewa ya ari takardar ya yi hotonta da kuɗinsa, don kada ya yi aiki da ka.

Wannan ne ke ci mini rai har yanzu. Mutumin da ya fi kowa girmama rubutu shi tsarina ya yaudara. Kwafi shida duk a ofisoshi na zuba su, ko ɗaya babu a bakin tanki, bayanin ma da safe na yi shi, lokacin da masu aikin dare ke barci a gidajensu.

Da mai binciken waje ta zo duba yadda muke bin ƙa'idar ISO, ni da bakina na faɗa mata. Ta rubuta mana saɓa ƙa'ida, ta nemi tushen matsalar. Na rubuta ƙarancin horo. Ta mayar mini da takardar, ta ce in koma in tambayi kaina me ya sa ma'aikaci ya buƙaci yin hoto tun farko. Ta tuna mini cewa ISO 9001 na 2008, a sashi na 4.2.3, ya fito ƙarara da maganar hana amfani da tsohuwar takarda bisa kuskure, na 2015 kuma bai sauke mana wannan nauyi ba.

Yanzu kwafi na 7 yana rajista, an rufe shi da leda mai kauri, yana rataye a bakin tanki. Uku daga na ofisoshi na janye su, ba mai buɗe su sai ƙura. Kowa ya san hatimi in ba ja ba ne, takardar ba tamu ba ce, a kawo mini ita ba tare da faɗa ba. Wanda ke son kwafi ya faɗa, in buga masa ranar, in sa lamba. Kada ka hana mutane kwafi, za su yi a ɓoye. Ranar canjin bugu kuma sau biyu nake zuwa, safe da dare, kuma na daina tambayar "ina kwafinka?" Sai in ce, "In ka manta, ina kake dubawa? Nuna mini."

Wannan tambayar ce ta sa wani saurayi a ɗakin gwaji ya zaro wayarsa makon jiya. Hoton bugu na 2 ne, wani ya tura masa ta WhatsApp tun yana sabon zuwa. Mun goge shi tare, sannan na ce ya nuna mini wanda ya tura masa.