Godiya bayan haihuwar maiɗakina

Alhamdulillahi, an sallamo maiɗakina da jaririyarmu daga asibiti. Jini ya ɓalle mata bayan ta sauka, Allah Ya nufa da sauran kwana.

Ina miƙa godiya ga ungozomomi da likitan da ke bakin aiki a daren, da ƙannena da abokan aiki da suka ba da jini ba tare da an roƙe su sau biyu ba, da Hajiya surukata wadda ba ta runtsa ba. Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

Akwai kuma wadda ban taɓa haɗuwa da ita ba, amma nake ganin haƙƙinta a wuyana: Farfesa Hadiza Galadanci, likitar mata da haihuwa ta Jami'ar Bayero, Kano, domin da tsarin da ya fito daga aikinta aka ceto maiɗakina. Wata leda mai ma'auni aka shimfiɗa wa maiɗakina, jinin na taruwa a cikinta ana karantawa. A da da ido ake kintatawa, a dubi zani da gado a ce bai kai ba, har mace ta galabaita. Da ledar nan kuwa, jini na kaiwa mililita 500 aka rufar mata gaba ɗaya: ana murza mahaifa, ana allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, da wata allurar ta tsayar da jini, ga ƙarin ruwa, ga mai duba inda jinin ke fitowa. Ba a gwada ɗaya a zauna jiran sakamako ba.

Wannan tsari ya fito ne daga binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, kuma sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Mujallar TIME ta karrama ta a 2024, amma ni abin da ya fi taɓa ni shi ne ta tsaya a Kano tana wannan aiki. Ranki ya daɗe, Allah Ya sa a mizani.

Roƙona ga hukumomin lafiya shi ne su kai ledar nan da magungunan har ƙananan asibitocin karkara, a kuma horar da ungozomomi. Maza 'yan'uwana, ku riƙa kai iyalanku awo, ku tanadi mai ba da jini tun kafin watan haihuwa ya kama.