Haɗa pulai, adon ƙugu na matan Erziya

Erziya da Moksha ƙabilu ne 'yan uwan juna a yankin kogin Bolga na Rasha, cibiyarsu Jamhuriyar Mordobiya mai hedikwata a Saransk. A al'adarsu ta dā, matansu duka na sa farar riga mai aikin ulu, panar, amma pulai na Erziya ne. Ana ɗaura shi a ƙugu ta baya, a kan rigar, tun daga lokacin da yarinya ta zama budurwa. Na biki kan kai kilo 6, kuma da na haɗa nawa na ga cewa nauyin nan shi ke tsara aikin gaba ɗaya.

Da gindin na fara. Na yanki yadin lilin mai kauri, faɗi santimita 45, tsayi 25, na ninka shi biyu, na sa dannannen ulu a tsakiya don ya tsaya. Kwali ma yana yi, sai dai gumi na laushe shi, ya karye a inda ƙugu ke lanƙwasa. Na bi shi da layukan ɗinki kusa-kusa kafin jere-jeren ado su hau, domin idan an yi sakaci a nan, nauyin geza, wato zaruruwan ulun da ke lilo a ƙasa, zai ja saman ya lotsa a tsakiya, kuma ba ya gyaruwa sai an kwance komai. Igiyar ɗauri ta ratsa faɗin duka, kada a liƙa ta a kusurwa kawai.

Aikin allura na sama da ulu ja mai duhu da baƙi ake yi, ana ƙirga zaren saƙar yadin, ba zanen alli ake bi ba. Saboda haka a yi shi a kan fallen waje kafin a ninka. A wanke ulun tukuna har ruwan ya fito fes, tun da kan farar riga zai kwanta, rini kuwa in ya zuba an gama da rigar.

Sai jere-jeren ado, daga sama zuwa ƙasa: ƙananan duwatsu, maɓallan tagulla, sarƙa, sannan wuri. Wurin nan dai shi ne wanda kakanninmu suka yi kuɗi da shi, fatauci ya kai shi har Bolga. Ana goge bayansa da magagari har rami ya buɗe. Bugunsa da ƙusa tarwatsa shi yake yi. Bakin ramin na da kaifi, sai an sumulce shi, in ba haka ba ya yanke zare. Ina shafa wa zaren kakin zuma, ina ƙulli bayan kowane wuri, don idan ɗaya ya tsinke kada jeren ya zube.

Geza ce ke cin ulu da haƙuri. Baƙin ulu ne murzajje, yana sauka kusan gwiwa. Kowane sili na murza shi sosai, na ninka biyu ya naɗe kansa. Murzawa na cinye tsayi, don haka a yanka fiye da ninki biyu na abin da ake so. In murzar ta yi yawa silin ya nannaɗe, in ta gaza ya warware ya yi gashi. A ɗinke su a cunkushe har farar rigar ta daina leƙowa ta tsakani. Na rataye shi kwana guda silin suka miƙe, sannan na daidaita ƙasan da almakashi. Wanda ya yi gaggawar yanka zai samu gefe ya fi gefe tsawo.

Gwajin ƙarshe a jiki ake yinsa, a kan panar, ana tafiya. In yana zamewa, igiyar ta yi siriri, a canja ta da mai faɗi.