Baiwar da ta hana dodo motsi

Lissafin ɓarna bai taɓa ba ni wahala ba. Duk wanda ya ja ragamar Dungeons & Dragons, wasan tebur da 'yan wasa ke ɗaukar matsayin jarumai suna jefa dayis, bugun 2014, ya san yadda ake yi: ka duba ɓarnar da mayaƙi ke iya yi wa abokin gaba a matakin da ake ciki, ka auna taka baiwar, wato sabon ikon da ka ƙirƙiro wa jarumi, da ita. Yawancin waɗanda na ƙirƙiro wa 'yan wasana sun zauna daram.

Guda ɗaya ce har yau take ci mini rai. Ɗaurin Inuwa na sa mata suna: maharbiya ta harbi inuwar abokin gaba, kibiyar ta kafe shi, layinsa na yin motsi ya wuce bai taɓuka komai ba. Ɓarnarta ba ta taka kara ta karya ba, dayis ɗaya ne mai fuska huɗu, don haka na bar ta ba iyaka.

Ashe ƙarfinta yana wani wajen. Littafin jagoran wasa kansa da zagaye uku na farkon faɗa yake auna haɗarin dodo. Ka ƙwace masa layi ɗaya, ka cinye sulusin faɗan ke nan. Babban dodon da na daɗe ina shiryawa yana da damar tsallake irin wannan sau uku a rana. Maharbiyar ta ƙarar da su, daga nan ya tsaya ƙiƙam ana ta saransa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai garkuwa. Ya gina jaruminsa ne don ya tare wa abokansa duka, sai ga shi ya yi tagumi yana juya dayis a tafin hannu, babu dukan da zai tare.

Masu littafin ba da wasa suka sa wa irin wannan farashi ba. Monk, jarumin dambe, sai ya biya maki ɗaya na ƙarfin da ake kira "ki" duk sanda zai sumar da wani. Fighter kuwa, wato mayaƙi, ƙarin motsinsa sau ɗaya ne sai ya huta aƙalla awa guda.

Yanzu sau biyu ake amfani da Ɗaurin Inuwa tsakanin hutu da hutu, kuma ƙafa kawai take ɗaurewa, dodo na iya kai sara daga inda yake. Maharbiyar ta yi ƙorafi sosai, na kuma fahimce ta. Amma a zama na gaba ta riƙe kibiyar har sai da dodo ya nufi mai warkarwarsu, sannan ta saki, mai garkuwa ya samu ya shiga tsakani.