Fim ya ƙare amma ba ka ƙoshi ba, to sai ina?

Duk mai kallon finafinan nan na zamanin da bai zo ba tukuna, irin su Matrix, Blade Runner 2049 ko Edge of Tomorrow, ya san abin nan: an gama harbe-harbe, akto ya gama da bos, sunaye sun fara hawa allo, kai kuma kanka na ta juya tambayoyin da fim ɗin ya taɓo ya wuce. Awa biyu ba ta isa a gina sabuwar duniya kuma a yi faɗa a cikinta, dole ɗaya ya danne ɗaya, kuma kusan kullum faɗan ne ke dannewa. Shi ya sa in aka tambaye ni ba na cewa a nemi wani fim irinsa, littafi ko mai dogon zango nake tura mutum.

Na farko dai The Expanse, ba na ma tsayawa tunani. Zango 6 ne, daga 2015 zuwa 2022, tashar Syfy ta soke shi bayan zango na 3, masu kallo suka yi ta kururuwa a intanet har Amazon ta ɗauka ta ci gaba. Labarin ɓangare uku ne, Duniya a hannun Majalisar Ɗinkin Duniya, Mars ta zama ƙasar soja mai zaman kanta, sai 'yan Belt masu haƙar ma'adinai a duwatsun sararin samaniya waɗanda kowa ke cin guminsu amma ruwa da iskar shaƙa ma sai an auna musu. Da yake a inda babu nauyi sosai suka girma, dogaye ne sirara, ƙashinsu ba ƙwari, tsayuwa a doron ƙasa kaɗai azaba ce a wajensu, har da ita ake gana musu uƙuba in ana son su yi magana. Abin da ya fi burge ni kuma jiragen ne wallahi, babu wani siddabaru, in injin yana turawa akwai nauyi mutane na tafiya da ƙafa, in aka kashe shi kowa ya tashi sama, kuma in an kai rabin hanya sai jirgi ya juya baya ya hura wuta don ya rage gudu, tunda babu birki a can. Faɗa a irin wannan yanayi daban yake, juyi ɗaya mai tsanani zai iya kashe na cikin jirgi tun harsashi bai iso ba. Kashi uku ko huɗu na farko suna da sanyi fa, a daure. Littattafan guda 9 ne, na farko Leviathan Wakes 2011, kuma James S. A. Corey da ke jikin bango ba mutum ɗaya ba ne, Daniel Abraham ne da Ty Franck. Wanda ya gama kallo sai ya ɗora daga littafi na 7.

In kuma Blade Runner ne ya tsaya maka a rai, koma tushe, littafin Philip K. Dick na 1968, Do Androids Dream of Electric Sheep? Akwai abin da fim ɗin Blade Runner na farko, na 1982, ya yar wanda a ganina shi ne zuciyar labarin: bayan yaƙi dabbobi sun kusa ƙarewa, mallakar dabba mai rai ta zama abin tunƙaho, shi kuma Deckard, akton labarin mai farautar mutum-mutumi, tunkiyar lantarki gare shi yana ɓoye wa maƙwabta, kuɗin farautar mutum-mutumin ma so yake ya sayi ta gaske da su. Dick ya rasu a 1982 kafin fim ɗin ya fito. Total Recall da Minority Report ma daga gajerun labaransa aka ɗauko su.

Masu Matrix kullum Neuromancer na William Gibson ake ce musu su karanta, 1984, kuma abin dariya a kan tafireta ya rubuta shi ba kwamfuta ba. Gaskiya yana da nauyi, jefa ka yake cikin duniyar ba bayani, ba kowa ke kai ƙarshe ba. In kana son abu mai sauƙi fara da Ghost in the Shell na 1995, katun ne na Japan amma ba na yara ba ne sam, kana gani za ka gane inda Matrix ta sha ruwa.

Wanda kuma bai da lokacin babban littafi, All Systems Red na Martha Wells, 2017, siriri ne a zama ɗaya ko biyu an gama. Mutum-mutumin gadi ne ya lalata na'urar da ke juya shi, maimakon ya hau kisa kamar yadda muka saba gani, shi dai a ƙyale shi ya kalli finafinansa masu dogon zango, mutane ne ma ke takura masa da surutu.

Fodkas, wato shirye-shiryen saurare na intanet, ba zan cika ku ba. Escape Pod tun 2005 suke karanta gajerun labaran almarar kimiyya, LeVar Burton Reads ma gajerun labarai ne kuma muryar mutumin kaɗai ta isa. Wolf 359 wasan kwaikwayo ne na kunne, ma'aikata ƙalilan a wata tashar sararin samaniya, da barkwanci yake farawa kafin a hankali ya rikiɗe ya koma abin tashin hankali. Masu Expanse kuma ga Ty & That Guy, Ty Franck ne da Wes Chatham wanda ya fito a Amos suke hira kan yadda aka yi abin, amma kar ka kunna sai ka gama kallo don tona labari suke yi ba ruwansu.

Altered Carbon kuwa, shi ma mai dogon zango ne, zangon farko na 2018 ya yi, na biyun ni dai ban ga abin da ya ƙara ba, gara ka ɗauki littafin Richard K. Morgan na 2002. Sai dai akwai jini da tsiraici sosai a ciki, ba na kallo da yara a falo ba ne.