Dalilin da ya sa mai ciwon haƙori kan kasa nuna haƙorin da ke damunsa

Duk abin da haƙori yake ji yana isa ƙwaƙwalwa ne ta jijiya ta 5 daga cikin tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa daga cikin kai, wadda likitoci ke kira tirajeminal. Ta rabu gida uku: reshe na farko ya nufi ido da goshi, na biyu yana kula da haƙoran sama da ganda, na uku kuma yana ratsa cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin saiwoyin haƙora, sannan wani ɓangarensa ya ɓullo ya shiga leɓe da haɓa. Shi ya sa idan aka yi wa mutum allurar kashe zafi domin cire haƙorin ƙasa, rabin leɓensa kan yi nauyi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bambancin jijiyoyin cikin haƙori da na kewayensa. Farin ɓawon waje ba shi da jijiya ko kaɗan. Jijiyoyin ɓargon haƙori kuwa kusan zafi kaɗai suka sani, ko ruwan sanyi ya taɓa su ko shayi, kuma ba su iya faɗa wa ƙwaƙwalwa takamaiman wurin da matsalar take ba. Saboda haka mutum kan nuna haƙorin sama alhali na ƙasa ne ya ruɓe, wani ma kunnensa zai riƙe. Su kuwa jijiyoyin siririn naman da ya ɗaure saiwa da ƙashi, nauyi da matsi suke aunawa, kuma su ne ke gano tsakuwa a cikin lomar shinkafa nan take. Sai kumburi ya gangaro gare su sannan mara lafiya yake iya ɗora yatsa a kan haƙorin.

Wannan ne ya sa nake matuƙar jin takaicin yadda ake cire haƙori ba tare da gwaji ba, domin lafiyayyen haƙori yana iya salwanta a banza. Haka nan ɗaukewar zogi bayan kwanakin raɗaɗi ba lallai waraka ba ce. Sau da yawa ɓargon ne ya mutu, ƙwayoyin cuta kuma suna ci gaba da gangarawa cikin ƙashi har su tara mugunya a ƙarƙashin saiwa.